Tumatirin da Bai Sayi Sa Ba

Ban san akwai mutane da yawa haka a duniya ba sai da motar Katsina ta juye mu a tashar Kano. Na sauko ƙafafuna sun sage, buhuna a kafaɗa, bakina a buɗe. Kowa sauri yake, kowa kuma kamar da ni yake faɗa. Ni Dauda ɗan Ishaya, Bagobiri daga wani ƙauye tsakanin Madawa da Galmi a ƙasar Nijar, wanda a garinmu ko tari na yi sai an ce min sannu, na tsaya a tsakiyar tasha har wani mai baro ya daki ƙwaurina, kuma shi ya fara zagi.

Abin da ya fito da ni daga gida sa ne. Shanun huɗarmu biyu ne, ɗaya ya ci wani abu a daji da kaka, cikinsa ya kumbura, kafin a kawo wuƙa ya mutu. Babana ya tsufa, bayansa ya daina yarda da hauya, rijiyar lambunmu na albasa kuma ta janye. Maƙwabcinmu Tanko yana da wani jan sa mai farin goshi. Ya ce zai riƙe mana shi har ruwan farko ya faɗi, in ba mu kawo kuɗinsa ba ya kai shi kasuwa. Na ji ana cewa a wajen Kura ana noma rani da damina, shi ne na ce bari in je in noma sa.

A tashar ne wani mutum ya dafa kafaɗata. Farar shadda, hula a karkace, ƙamshin turare har makogwaro. Ya dubi zanen fuskata ya ce, "A'a, Bagobiri! Ai kakata Bagobira ce. Aiki ka zo nema?" Na ji kamar na ga ɗan ɗakinmu. Ya haɗa ni da wasu baƙi irina, ya zuba mu a bas har Kura, ya kai mu wani injin casar shinkafa inda tirela take jiran a sauke mata kaya. Ya ce in kawo buhuna ya adana min, domin garin akwai ɓarayi. Na miƙa masa da hannu biyu, bargona da wayata suna ciki, har na ce Allah ya saka da alheri.

Muka wuni muna dakon buhunan shinkafa, ƙaiƙayi yana cin wuyanmu. Da la'asar muka je wajen mai injin, ya dube mu da mamaki ya ce ai shugabanmu ya karɓi ladan kowa tun azahar. A duk maganganun mutumin nan guda ɗaya ce gaskiya, cewa garin akwai ɓarayi.

Sauran baƙin suka watse, kowa da irin zagin garinsu. Ni na zauna a gindin katanga na yi kuka irin na yara, da majina da komai. Na kuma yi wa Ubangiji ƙorafi sosai. Na ce, "Uba, ka san ni ke buga ganga a majami'a tun ina ƙarami. Ba na giya, ba na caca. A cikin dukan mutanen tashar nan, ni ka ga ya dace a turo wa mai farar shadda?" Wanda ya amsa min shi ne mai gadin injin, ya ce in matsa, nan wurin ajiye babura ne. Amma ya bar ni na kwana a rumfarsa, ya ba ni tsohon buhu na rufa.

Washegari na bi bakin kanal, babbar hanyar ruwan da ke ratsa gonakin, ina tafiya ban san inda na nufa ba. A garinmu sai ka ja guga har kafaɗarka ta goce kafin albasa ta sha. Nan kuwa ga ruwa yana tafiyarsa shi kaɗai, ba mai jansa, ba mai roƙonsa, hagu da dama kore shar. Yunwa da ƙishirwa suka sa na durƙusa na fara kamfata ina sha.

"Kai! Kai bawan Allah, kashe kanka za ka yi?"

Wani dattijo ne siriri a kan tsohon babur. Ya ce yanzun nan aka wanke tankin feshin ƙwari a sama da ni. Ya kwance gorar fura daga bayan babur ɗin ya miƙo min, ya tsaya yana kallona har na ga gindinta. Sunansa Malam Habu, yana da makarantar Islamiyya a wani ƙauye kusa da Bunkure, yana kuma da gonar tumatir da ta fi ƙarfinsa tun da 'ya'yansa suka koma birni. Na ba shi labarina, ya girgiza kai ya ce in hau.

Muna gona azahar ta yi. Ya yi alwala ya miƙo min buta.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ni fa Kirista ne."

Ya dubi zanen fuskata, ya dubi butar, ya sake duba na. "Dauda? Bagobiri? Ikon Allah! Tun yaushe?"

"Tun kakana, Malam."

"To, ajiye butar. Kama ruwa a fangali fa, ka iya, ko shi ma ba kwa yi?"

Na ce na iya. Bayan ya idar da salla ya zaga da ni gonar, ya tsaya a gefen da ke kusa da wata mangwaro ya zana layi da ƙafarsa. Ya ce ba shi da kuɗin biyan ɗan ƙwadago. In na kula masa da gonar duka, daga layin nan zuwa mangwaro nawa ne, abin da Allah ya fitar a ciki ba ruwansa. Ya ba ni wani ɗan shago a jikin zaurensa, da tabarma, da bargon da ya girme ni.

Aiki bai taɓa ba ni tsoro ba. Abin da ya kusa kashe ni kewar gida ce da shinkafa. Shinkafa da safe, shinkafa da rana, da dare a tuƙa ta a ce tuwo ne. Ni kuwa cikina da gero aka gina shi. Ga bakina da ya zama abin dariya: in na ce "mi kac ce?" sai majalisa ta kwashe, wani ya ce in maimaita don Allah, bai ji da kyau ba. Matar Malam, Inna Rabi, muryarta kawai na sani ta kan katanga. Ita ta lura kwanona yana komawa da saura. Wata rana aka miƙo min tuwon gero da miyar kuka, ta ɗaga murya daga ciki ta ce, "A gaya wa ɗan Nijar ɗin nan, in ya rame ya koma gida za a ce Kanawa rowa gare su." Na ci tuwon nan ina hawaye, ban ma san ko na daɗi ba ne ko na tunawa da marigayiya uwata.

Ranar Lahadin farko na ɗauki fartanya zan tafi gona, Malam ya tare ni a ƙofa.

"Ba yau ce ranarku ba?"

"Ita ce, Malam, amma ban san inda majami'a take ba."

"Ni na sani. Ba na zama gida ɗaya da mutumin da ba ya bauta wa komai. Hau mu je."

Ya kai ni wata 'yar majami'a ta langa-langa a wajen Kadawa, ya sauke ni a gindin bishiya ya juya. Daga ranar duk Lahadi haka yake yi, in kuma na makara shi ke buga min ƙofa.

Babana yakan kira ta wayar Malam. Ba mai yawan magana ba ne. Zai ce, "Lahiya kake? To madalla. Tanko ya ce a gaishe ka." Sai ya kashe. Ni da shi mun san Tanko bai taɓa gaishe da kowa ba a rayuwarsa. Maganar sa ake yi.

A majami'ar na haɗu da Iya Bose, wata Bayarabiya ƙatuwa da aka haifa a Sabon Gari, Hausarta ta fi tawa gogewa. Duk lokacin tumatir takan zo ta zauna tana lodin motoci zuwa Ibadan. Ran da ta fara ganina ana cikin gaisuwar tashi, ta ƙwala ihu, "Jama'a, ga bawana! Wa ya kwance shi?" Kun san wasan da ke tsakaninmu Gobirawa da Yarabawa. Na ce, "Iya, ki iya bakinki, kakana ne ya sayi kakanki da gishiri." Ta kai min duka da maficinta, daga nan muka ƙulla. Kowane mako sai ta ɗaure min wani abu a leda, wai ba a barin bawa da yunwa.

To, tumatir ya yi. Kai, ya yi! Ɗan gefen nan nawa har rassan suna kwanciya a ƙasa don nauyi. Tsinkar farko da ta biyu ba yawa, na sayi taki da bargo da takalmi. Babbar tsinka na zura wa ido, ita ce sa. Mutanen ƙauye suka fara kira na Alhaji Dauda, ni kuma, Allah ya sani, na fara amsawa. Tafiyata ta sake. Na sayi baƙin tabarau. In na tsaya a bakin gona sai in harɗe hannuwa a baya kamar mai tirela.

Ranar babbar tsinka muka cika kwanduna har na rasa na aro. Aka kai min su kasuwar tumatir ta bakin titin Zariya. Ina isa gabana ya faɗi. Ashe ba ni kaɗai Allah ya yi wa albarka ba. Daga Kura har Garun Mallam kowa ranar ya tsinko, duk inda ka duba ja ne. Dillalin da Malam ya haɗa ni da shi, wani gajere mai suna Ɗanlami, ya zagaya ya dawo ya faɗi abin da aka taya. Na auna a zuciyata na ga zai sayi san Tanko, amma ban da ƙafafun baya.

Na ce, "Albarka."

Ɗanlami ya ce, "Gaskiyarka. Motocin Kudu ne suka maƙale a hanya. Da sun iso farashi zai tashi."

Nan jinin albasa ya motsa min. Mu a garinmu ba a sayar da albasa ranar da aka cire ta, sai wawa ko mai mara lafiya a gida. Rudu muke yi mata, rumfar kara mai shan iska, mu jera ta, mu zauna mu miƙe ƙafa har 'yan kasuwa su zo suna roƙo. Na sami gefen kasuwa na kafa rumfa, na jera kwandunana, na lulluɓe su da ciyawa yadda Babana ya koya min. Har wasu suka taru suna kallo, ni kuma na ɗauka sha'awa suke.

Malam ya zo ya tsaya ya daɗe yana duban aikina. Ya ce, "Dauda, wannan fa ba albasa ba ce."

Na ce, "Malam, mu ajiya muka gada. Ka bari ka gani."

Ya ce, "To, zan gani." Ya hau babur ɗinsa.

Ya kuwa gani. Sanyi ya ɗauke kamar an aike shi, rana ta buɗe. Motocin Kudu ba su zo ba washegari, ba su zo ba kashegarinsa. Kwanduna suka fara gumi ta ƙasa. Sai wari, sai ƙuda, sai awakin kasuwa suka mai da rumfata wurin taronsu. Na sama yana nan da ɗan kyaunsa, amma in ka zura hannu sai ka ji ɗumi da laushi kamar kunu. Na cire tabarau na sa a aljihu. Masu ce min Alhaji suka koma ce min Mai Rudu.

Ranar Lahadi na tafi majami'a jikina yana tsami. Fasto ya hau ya yi wa'azi a kan mutumin da yake tara abin da zai ruɓe yana jin shi wani ne, da kuma wanda wahala ta matse shi amma bai bar hannunsa ya ƙazantu ba. Na rantse muku na ɗauka wani ne ya kai gulmata. Duk lokacin da ya ce "ruɓa" sai in ga kamar hancinsa ya juyo wajena. Da aka tashi ina neman sulalewa, Iya Bose ta cafke min riga.

"Bawana, motata ta iso. Gobe da safe kayanka zan fara ɗauka. Mutanen kasuwar nan sun ƙone ni, motar da ta wuce rabinta ruwa na sauke a Ibadan. In wannan ma ta lalace na tashi daga sana'a. Amma kai ɗan'uwana ne a cikin Ubangiji, hankalina kwance."

Na buɗe baki in gaya mata, sai wata ta ja ta suka shiga maganar anko.

Da safe na isa rumfata na ɗauka ɓatan hanya na yi. An kore awaki, an share wurin, an yayyafa ƙasa a kan ruwan da ya tsiyaye. Kwandunana kuwa sun yi kyau kamar za a kai su gidan biki: kowanne an cire masa na sama an jera sabon tsinka, manya-manya, jajaye, masu sheƙi. Ɗanlami yana gefe yana goge hannu da hularsa.

Na ce, "Mene ne wannan?"

"Gyara. Tun asuba nake yi maka wahala."

"Na ƙasan fa?"

"Na ƙasa yana ƙasa. Ka ji, Dauda, matar nan kowa sai ta sa an zazzage masa kwando har gindi. Kai kaɗai ta ce ba za ta taɓa naka ba, wai ku 'yan coci ba kwa ha'inci. Irin wannan dama ko ni ban taɓa samu ba. Ba ƙarya za ka yi ba, ba rantsuwa za ka yi ba. Ni zan yi magana, kai ka yi shiru kawai. Ko shirun ma zunubi ne a wajenku?"

Kafin in haɗa amsa sai ga Iya ta nufo mu, ɗauri kamar faifai a ka, farin leshi har ƙasa, wai daga nan gidan suna za ta wuce. Ta dubi kwanduna ta tafa hannu. "Ka ga kayan mutanen kirki!" Masu lodinta suka matso za su zazzage ɗaya, ta daka musu tsawa. "Ku bari! Wannan na ɗan'uwana ne." Ta faɗi farashinta. Tumatir ya yi tsada da gaske. Abin da ta faɗa zai sayi san Tanko da ƙafafunsa duka huɗu, da igiya, har da kuɗin motar gida.

Ɗanlami ya taka min ƙafa ya ce, "Ya sallama."

Ba zan ce muku ban so ba. Na so, kamar in mutu. Na ga farin goshin san nan a ƙofar gidanmu. Na ga Babana yana shafa masa tozo yana yin kamar bai ji daɗi ba. Na ce wa kaina ai ita babbar 'yar kasuwa ce, za ta farfaɗo. Na ce ai ba ni na jera ba. Na ce Ubangiji ma ya san an cuce ni a garin nan, wataƙila ramuwa ce ya aiko min. Sai na dubi fuskarta. Ko kwandunan ba ta kallo, ni take kallo tana murmushi, irin murmushin da ake yi wa mutumin da aka zauna benci ɗaya da shi aka ci jibin Ubangiji a majami'a. Da sunan Yesu za a sayar da ruɓaɓɓen nan, kuma ni ne hatimin.

Na yi niyyar in yi magana cikin natsuwa, in ce Iya, a duba ƙasan. Harshena ya ƙi. Masu lodi har sun kama kunnen kwandon farko. Da na ga bakina ba zai taimake ni ba, sai na ture su, na rungumi kwandon na kifar da shi.

Ban auna inda take tsaye ba.

Na saman suka gangara gefe kamar ba ruwansu. Abin da ya biyo baya kuwa ya faɗo tim, ya fantsama, ya wanke farin leshin nan daga gwiwa har takalmi, wani ma ya sami ɗaurin. Wari ya tashi har mai shayin tsallaken titi ya toshe hanci. 

Sai Iya ta ɓarke. Ta fara da Yarabanci, ta zarce Turanci, ta sauko Hausa. Ta yi kaina da jakar hannunta. "Mugun bawa! Ba ka da baki ne? Sai ka yi min wanka? Leshin da ko sau ɗaya ban sa ba sai yau!" Ta ba ni uku masu kyau a ƙeya. Sannan ta tsaya tana haki, ta dubi taɓon da ke ƙasa, ta dubi sauran kwandunan da kwalliyarsu, ta juya a hankali wajen Ɗanlami. Gajere ne amma Allah ya ba shi gudu. Ta bi shi har wajen masu albasa, 'yan kasuwa suna ihu suna ba ta hanya.

Da ta dawo ta sa aka kawo mata benci, ta zauna da leshinta a jiƙe, ta ce a zazzage duka. Muka tsince mai kyau, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ta biya shi daidai farashin kasuwa, ko sisi ba ta ƙara min ba, ni ma ban sa rai ba. Da za ta tashi ta kama kunnena ta ce a hankali, "Ka san abin da ka yi wa kanka?"

Na ce, "Na sani, Iya."

Ta ce, "To. Allah ya gani." Idonta ya kawo ruwa, ta yi maza ta ce warin ne.

Malam ya iso a kan babur, labari ya riga shi. Na zaci zai yi min faɗa ko ya yi min wa'azi. Dariya ya yi har hularsa ta faɗi cikin tumatir. Da ya gama ya share ido ya ce, "To Mai Rudu, sauran fa? Nan za ka bar wa awaki?" Ya nemo kurar dako aka kwashe wanda bai gama mutuwa ba aka kai gida. Inna Rabi ta aika maƙwabta, mata suka zo da wuƙaƙe, aka yi ta yanka ana shanyawa a kan buhuna don a yi kauɗa. Wanda ya yi laushi da yawa na ce a raba gida-gida. Ranar duk ƙauyen jar miya aka ci, har da gidajen da suka daɗe ba su ga ja a tukunya ba. Wata tsohuwa ta zo har ƙofar zaure da sanda tana sa min albarka. Na ji daɗi, na kuma ji haushin kaina, domin lokacin da tumatirin nan yake da kyaunsa ko ɗaya ban ba kowa ba, ina zaune ina gadinsa da tabarau.

Bayan haka babu dillalin da ya yarda ya taɓa kayana. Wai ni mahaukaci ne, ina kifar da ciniki. 'Yar tsinkar ƙarshe Malam ne ya sayar min da sunansa. Da zafi ya kai zafi, gonaki suka bushe, na ɗaure buhun kauɗata. Malam ya kai ni bakin titi, ya ce in gaishe da Babana, ya ce kuma shagon yana nan in na ga dama baɗi. Ya juya babur da sauri, ni ma ban so ya ga fuskata ba.

A bakin iyaka na canza nairata zuwa sefa, ta ƙanƙance kamar an wanke ta da ruwan zafi. Na isa gida da yamma. Babana yana zaune a ƙofa. Ya dubi hannuna, ya dubi bayana, babu igiya. Na zauna a ƙasa na ba shi labari tun daga rudu har leshi, ban rage komai ba. Ya saurare ni har na gama. Can ya ce, "Tuhwan matar, ka wanke mata?" Na ce a'a. Ya ce, "Ba ka kyauta ba." Ya tashi ya shiga ciki.

Tanko ya cika alkawarinsa, ya jira har ruwan farko. Abin da ke hannuna bai kai ba, shi ma yana da nasa buƙatun. Ranar kasuwa ina tsaye aka wuce da jan san ta ƙofar gidanmu. Na shiga bayan rumbu na zauna har rana ta yi tsaka.

Ƙasa ta jiƙa, kowa ya fita huɗa. Babana ya fito da garma da sanmu guda, ya ɗora masa karkiya. Ɗaya gefen ya faɗi ƙasa, ba wuyan da zai ɗauka. Ya tsaya yana kallonsa, sai na ga ya juya ya nufi inda hauya take jingine, yana dafe da ƙugu. Ban yi shawara da kowa ba. Na naɗe bargona na ɗora a kafaɗa, na sunkuya na ɗaga gefen karkiyar. San ya juyo ya dube ni, ni ma na dube shi. Babana ya kama garma.

Ja dai san ne yake ja, ni daidaita masa nake, amma kafin mu kai ƙarshen kunyar farko na san abin da shanu suke ji game da mu. Labari ya zaga. Masu wucewa suka tsaya a bakin gona, yara suna bin mu suna dariya. Wani tsohon abokin Babana ya jingina da kekensa ya ɗaga murya.

"Ishaya! Wanga sabon sa naka ƙahwa biyu gare shi! Nawa za ka sallama mini shi?"

Babana bai tsaya ba, bai ma ɗaga kai daga garma ba. Ya ce, "Wanga ba na saidawa ba ne. An taya shi a Kano da tsada, ya ƙi sayuwa."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin ya yabe ni ba. Na sunkuyar da kai don kada su ga idona, na gyara karkiyar a kafaɗa, muka juya kunya ta biyu.